Gashin Ƙashi Ba Ruwan Zafi

Litinin, 3 ga Maris

Likita ya maimaita sunan ciwon, ban kama ba. Ankilo-wani-abu. Auta ta ce mu bar shi a Ankilo, kamar sunan maƙwabci. Wai ƙasusuwan bayana ne ke neman haɗewa su zama sanda ɗaya, kuma yadda sandar ta bushe haka za ta zauna. In a miƙe, a miƙe. In a sunkuye, a sunkuye.

Baba ya faɗo min a rai, yadda ya ƙare rayuwarsa yana gane mutane ta takalmansu. Mu da muke cewa tsufa ne. Likita ya ce abin yakan bi jini.

Ya ba ni ƙwayoyi, ya tura ni gashin ƙashi ran Alhamis. Wannan kam na sani. Shekara da shekaru Baban Auta yana gasa min baya da tawul da ruwan zafi kafin ya fita shagon kafintancinsa. Tun rasuwarsa ba hannun da ya taɓa bayan nan.

Alhamis, 6 ga Maris

Na sha kunya yau. Na tafi da tawul ɗina da filas cike da ruwan zafi, don kada a ce babu. Wata yarinya mai gilashi ce ta karɓe ni, ba za ta wuce sa'ar Auta ba. Ta leƙa jakata ta ce, "Mama, shayi kika kawo mana?" Na ce na gashin ne. Ta toshe baki, amma kafaɗunta sun tona ta.

"Sunan ne kawai, Mama. A nan ke za ki yi aikin, ni kallo ne nawa."

Ba gashi, ba tausa. Ɗaga hannu, sauke. Ja numfashi har haƙarƙari su buɗe. Rarrafe a kan tabarmar roba, a gantsare baya sannan a tanƙwara. Daga ƙarshe ta jingina ni da bango: dunduniya, mazauni, kafaɗu, ƙeya. Komai ya taɓa ban da ƙeyar. Ta zura hannunta tsakanin kaina da bango, ya shige har da sauran wuri.

Ta ce in riƙa yi kullum a gida. Wai wannan ciwon, kwanciya ce abincinsa.

Asabar, 8 ga Maris

Kwanciya ce abincinsa. Maganar nan ta hana ni sakat.

To Baban Auta da yake ƙwace min tsintsiya fa? "Koma ki kwanta, Gimbiya, duniya ba za ta tashi don ƙura ba." Ya gasa min, ya jera min matasai biyu, ya lulluɓe ni. Ashe Ankilo yake kiwo? Ko yarinyar ce ba ta san me take faɗa ba? Ɗaya daga cikinsu ya yi kuskure, kuma ban san wanda nake so ya zama ba.

Talata, 11 ga Maris

Ban yi ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Na gwada rarrafen da safe, Yaya ta faɗo ɗakin da sallama a bakinta. Ta tsaya riƙe da labule. "Me kika yar?" Na ce motsa jiki ne. Ta ce, "Da girmanki? Mai ciwo hutawa yake. Da mijinki na raye da bai bari an mai da ke kyanwa ba." Gaskiya ne, da bai bari ba.

Abin da ya fi ruɗa ni: bayan ta tafi na sunkuya na ɗauki almakashi daga ƙasa ban yi nishi ba. Sai da na miƙe na tuna.

Laraba, 19 ga Maris

Ɗakin nan ba bango. Gado ya ci ɗaya, keken ɗinkina da taga ɗaya, kabad ɗin da Baban Auta ya ƙera ɗaya. Saura bayan ƙofa, inda rigarsa take a rataye a ƙusar da ya buga da kansa. Ruwan toka, mai kauri, da rawanin sanyinsa a naɗe a wuyanta. Yadda ya bar ta haka take. Auta ta taɓa cewa a wanke, kallo ɗaya na yi mata.

A nan na tsaya, a jikin rigar. Har yanzu akwai ɗan ƙamshin katako. Kuma ƙeyata ta taɓa. Na kira Auta ta gani, ta ce, "Umma, kin warke ke nan, a sallami Ankilo."

Alhamis, 27 ga Maris

Na shiga asibiti da fara'ata na ce wa Mai Gilashi ƙeya ta kai. Ta jingina ni da bangonsu. Ba ta kai ba. Hannunta ya shige kamar ranar farko, sai dai ta ce ya ɗan matse.

"A gida tana taɓawa," na ce.

"Ko bangonku ne ya sunkuyo ya tarye ki, Mama?"

Na ji haushi, ban san dalili ba. Sai kawai na tambaye ta abin da ke cina: wanda ya yi shekaru yana gasa min yana kwantar da ni, cutar da ni ya yi? Ta cire gilashin ta goge. Ta ce gashin ba laifi ba ne, yana sassauta jiki, in ma ina so in riƙa yi kafin motsin. "Rabin aikin ya yi miki, Mama. Ɗaya rabin ba wanda zai iya yi wa wani." Kwanciyar fa? Ta ce, "Wa ya gaya masa? Ke ma sai bana kika ji."

A mota na yi kuka kaɗan. Ta wanke shi ne ko ta lallashe ni ne, oho.

Lahadi, 30 ga Maris

Na san abin da ƙeyata ke taɓawa a gida. Tun ranar farko na sani, ina jin.

Laraba, 2 ga Afrilu

Wata ta zo karɓar ɗinki. Muna ta magana, sai da ta fita na lura ban san kalar mayafinta ba, amma takalminta baƙi ne mai igiya, ɗaya ya tsinke an ɗaure. Na tashi daga kan keken. Na tsaya a taga na ɗaga kai har na ga wayar lantarki da tsuntsaye a kai. Wuyana ya yi ƙara.

Ni ba na so in san jikokina ta takalmi.

Talata, 8 ga Afrilu

Na dafa ruwa na gasa bayana da kaina, iya inda hannu ya kai. Tsakiyar ba ta samu ba, sai da Auta ta taya ni. Hannunta ba nauyi, tana yi tana hira a waya.

Rigar tana cikin kabad, a sama, na ninke ta da rawanin. Ba wanke ta na yi ba. Don dai ƙura ce, kuma ƙusar na iya yaga wuyan.

Bangon sanyi gare shi. Ƙeyar ba ta kai ba. Auta ta zura hannu, yatsunta suka shiga, tafin ya tsaya.

Da na ja numfashi na miƙe iya ƙarfina, ƙusar ta ɗan kama min ɗankwali. Ban taɓa sanin na kai tsayin nan ba. Ko kuma shi ne ya buga ta ƙasa-ƙasa, ban sani ba.

Ƙusar dai na bar ta.