Hutun Gidan da Na Koya wa Baba

Dubbo, 19 ga Janairu

Zuwa ga Yaya Bronwyn,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Graeme da yara. Allah ya sawwaƙe miki ciwon gwiwar nan, ya fitar da ku sanyin Kanada lafiya. Mu nan zafi kamar ya gasa mutum. Yaya Darren da matarsa Sharon suna lafiya, har ƙiba suka yi.

Sai da na duba littafin da nake rubuta abubuwan kullum, don kada in yi wa kowa ƙage. Ranar uku ga Disamba Darren ya gaya wa Baba bana ba mai zuwa bakin teku a Forster, wai kowa hutun gida zai yi, shi ake yayi. A kicin kuwa ya ce mini su za su tafi, amma ya gama tura keken guragun tsoho cikin yashi. Sharon ta ce motar ma sai ta yi wata tana zarni. Na biye musu. Ban sani ba ko tsoro ne, ko ni ma na gaji.

Baba ya tambaye ni mene ne kuma hutun gida. Kin san halina. Na bincika, na zauna na yi masa bayani dalla-dalla: Amurkawa ne suka haɗa kalmar zama da ta hutu a yarensu, ta bazu lokacin da fetur ya yi tsada. Mutum ya kwana a gadonsa, da rana ya yi yawo kusa. Ya ce dabara ce, yaron nan Darren ya huta da tuƙi. Sati biyu yana zaune a bayan gida da hularsa ta kamun kifi, ƙafafunsa cikin robar ruwa, yana cewa ai teku ba ta gudu.

Jiya Darren ya zo, hanci duk ya saɓule da ƙunar rana, wai garin yankan ciyawa. Da ya cire takalmi, yashi ya zubo a gaban Baba. Baba ya ce lallai ciyawar gidansa ta ci gaba. Bai yi masa faɗa ba, ni ya juyo wa. Ya ce Darren ƙarya ɗaya ya yi ya kama hanya, ni ce malama, na zauna na karantar da shi ita har da tarihinta. Ya ce in nema masa gidan tsofaffi, can ko ƙarya za a yi masa, ba 'yarsa ce za ta yi ba.

Ki gaida Graeme, da yara Tamsin da Lachlan. Daga Baba ban da saƙo, don tun jiya ko shayi ba ya karɓa daga hannuna.

Ƙanwarki,
Narelle