Kwalbar da Kika Cika da Kwalli

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifiya, tare da fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Ɗanki ne, mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, na Dogon Kiriya. Akwai maganar da ban taɓa gaya miki ba har kika bar duniya.

Kin tuna siririyar kwalbar da na zo da ita daga Dakar, liƙe sama da ƙasa? Ba wofi take ba, Inna. An zuƙe iskar cikinta da famfo, aka bar ɗan burbushin gas. In aka ba ta lantarki sai ta kama haske. Mu leƙa ta wani gilashi mai kusurwa uku, hasken ya rabu layi-layi: ja, shuɗi, da wani kamar ruwan baba. Da layukan nan muke gane wane gas ne a ciki da yadda zafinsa yake, ba mu taɓa komai ba. Ban taɓa son wani aiki kamarsa ba.

Malamina Bature ne ya ba ni aronta, haɗe da ɗan injin kunna ta. Ya ce in nuna ta gaban mai duba lakwal a Dogon Dutsi. In ya yaba, a maida ni Dakar in ci gaba.

Na biyo ta Matankari in gaishe ki. Ke kuwa ko ƙwaryar maƙwabta ba ki maidawa ba komai a ciki. Ina masallaci kika goge bakin kwalbar da dutsen wasa wuƙa har ya buɗe, kika ɗura mata kwalli, kika toshe da auduga. Kika miƙo mini kina murmushi, kika ce ɗanki ba ya tafiya da abu wofi.

Na sa hannu biyu na karɓa, na yi godiya. Me zan ce miki?

Gas ɗin ya riga ya fice, ban sami abin nuna wa mai duba lakwal ba. Wani suka ɗauka zuwa Dakar. Na yi ta rubuta wa Dakar, shiru. Yanzu idona ya fara hazo, ko an kawo mini wata ba zan raba layukan ba. Na daina sa rai, Inna, kuma abin yana cina.

Kwallinki nake sawa duk Juma'a. Saura kaɗan a gindi. Ran da ya ƙare, ran nan kwalbar za ta zama wofi da gaske.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya cika miki hannu kamar yadda kika cika na mutane.

Ɗanki,
Mamman