Farantin Idin Ƙetarewa

Ni Makhluf ɗan Shalom Bitan, maƙerin tagulla a garin Sefru, da hankalina nake faɗin wannan. Ban iya rubutu ba. Malamin majami'a da ya zo daga Fas ne yake rubutawa, na kuma hana shi gyara mini magana. Ƙafafuna sun kumbura, numfashina ya gajarta, ba na jin zan kai Idin Ƙetarewa na bana.

Zuwa ga 'ya'yana biyu, Amram da ke Faransa, da ƙanwarsa Fureha.

1. A binne ni kusa da mahaifiyarku Sultana. Amram, kada ka kai gawata wata ƙasa. Lokacin da Yahudawan unguwarmu suka watse, motoci suna kwasarsu gida-gida, ban tafi ba. Ba a mace za a tafi da ni ba.

2. Gidan na Fureha ne da mijinta Lahsan. Musulmi ne, na sani, ba sai an tuna mini ba. Duk Asabar shi yake zuwa ya hura mini wuta, tunda addininmu ya hana mu hurawa a ranar, ran babban azuminmu kuma ko ruwa ba ya sha a gabana. Mahaifiyarsa ce take kawo mana kwandon gari da man shanu da zuma ran da idi ya ƙare. Kada kwandonta ya koma wayam.

3. Farantin tagulla na daren idi. A kan wannan na sa aka kira malam.

Kakana ya ƙera shi. Kun san yadda ake yi: uba ya ɗaga shi, ya zagaya da shi bisa kan kowa a teburin, ana waƙar fitowarmu daga Masar. Shekarar da mahaifiyarku ta rasu hannuna ya gaza, na miƙa maka, Amram. Ka zagaya a kaina, a kan matarka da 'ya'yanka, sai ka tsallake Fureha da 'ya'yanta, Idris da Salwa. Salwa ta riga ta sunkuyar da kai tana jira. Ta daɗe a sunkuye. Tun daga ranar, Fureha takan dafa mini abincin idi duka, ta shimfiɗa tebur, ta tafi kafin rana ta faɗi. Ni kaɗai nake zama, ba kan da zan zagaya wa.

Dangin Lahsan sun ce yaran nasu ne, malamanmu sun ce ɗa uwa yake bi. Ban yi karatun da zan raba wannan gardama ba. Suna azumin Ramadan, su yi, Allah ya karɓa. Ni dai jikokina ne.

Farantin naka ne, Amram, amma a gidan Fureha zai zauna. In kana so ka ɗaga shi, ka zo can, ka fara da kan Salwa. In ba za ka iya ba, a bar shi a bango ya yi tsatsa. Kada a sayar, kada a ba masu tara kayan tarihi.

Fureha, 'yata, ran da yayanki ya ƙwanƙwasa ki buɗe, kada ki sa shi dogon bayani. Taurin kansa nawa ne ya gada.

Allahn Ibrahim ya yi muku albarka, ku da 'ya'yanku, masu Asabar da masu Juma'a. Ku biyu kaɗai muka bari, ni da Sultana. Ku zauna tebur ɗaya.