Ƙwayar Bawul ɗin Keken Baba

Litinin, 3 ga Maris

Baba ya wayi gari tayar baya ta kekensa a kwance. Na san wanda ya yi. Yaya ne ya zare ƙwayar bawul ɗin jiya, ɗan ƙarfen nan da ke bakin tiyub yana riƙe iska, ya wurga ta bayan katanga. Wai tunda Baba ya faɗi a kwalbati wancan watan ya ji ciwo a ƙafa, hawan keke ya ƙare. "Ki yi shiru da bakinki," in ji shi. Shi ya tafi gidansa, ni aka bari da kallon tsoho.

Laraba, 5 ga Maris

"Auta, in kin taso aiki ki sayo min ƙwaya." Na sayo a shagon kayan mota, ban san suna suka tara ba. Baba ya yi ta cusawa, ta ƙi zama. Ya naɗa mata zare, ya buga famfo har yana haki, ya lakato yawu ya shafa a bakin. Kumfa ta taso, iska na fita. Ya ce, "Tana shaƙiyanci."

Allah ya yafe min, daɗi na ji.

Asabar, 8 ga Maris

Ba keken ne damuwarsa ba, Tela ne. Abokinsa tun suna samari, yana kwance a can ƙarshen gari, ƙafafu sun daina aiki. Kullum da hantsi Baba ke zuwa ya zauna masa, su yi ta musu a kan abin da bai kai ya kawo ba. Na ce mu hau motar haya. Ya harare ni. "Ni buhu ne da za a sauke a ƙofar gida?" Taurin kai dai gado ne, ni ma ina da rabona.

Yaya ya ce zai kai shi ran Lahadi.

Lahadi, 9 ga Maris

Baba ya sa hula tun safe. Yaya bai zo ba.

Talata, 11 ga Maris

Na kai wa mai faci na bakin kasuwa ƙwayar da na sayo, don dai in ce na yi ƙoƙari. Ya yi dariya. "Malama, wannan ta mota ce, murɗa ta ake yi a ciki. Keken tsohonki irin na da ne, ƙwayarsa zura ta ake yi, da 'yar roba a jiki, sai a ɗaure da noti daga sama. Ko shekara za ku yi ba za ta zauna ba." Ya zazzage wani gwangwani, ya tona, ya miƙo min guda ɗaya. Ashe akwai.

Tana cikin jakata. Na ce wa Baba ba a samu ba.

Alhamis, 13 ga Maris

Ya rage cin abinci. Yana goge keken da tsumma kamar mai shirin tafiya. In ya sake faɗuwa fa? Wa za a zaga? Ni. In kuma... kai, bari dai. Zuwa Asabar in ga yadda ƙafarsa ta yi.

Asabar, 15 ga Maris

Tela ya rasu da asuba. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yaya ya zo da mota da wuri, yau kam ya samu lokaci. Baba ya shiga, muka tafi gidan rasuwar. Jikar Tela ta gaya min wai har jiya yana tambaya ko an ji ƙararrawar keke a waje. Na shiga bayi na yi kuka mai isata. Kunya nake ji, ba ƙarama ba.

Litinin, 17 ga Maris

Na ciro ƙwayar daga jaka na zura ta, na ɗaure notin yadda mai faci ya nuna min, na buga iska. Baba yana zaune yana kallona. Ya taso, ya shafa yawu, muka zuba ido. Babu kumfa.

"Ta riƙe," ya ce. Ya daɗe yana latsa tayar da babban yatsa. Bai tambaye ni yaushe na samo ta ba. Da ma ya tambaya.

Laraba, 19 ga Maris

Na dawo aiki babu keke a zaure, babu Baba. Maƙwabciya ta ce ya fita da hantsi, ya yi hanyar gidan Tela, a hankali yake tafiya.

Yaya ya kira sau biyu. Na ce Baba yana barci.