Allon Bas Ɗin Bala Ya Ƙwace Min Jikata

Assalamu alaikum mai wannan shafi da jama'arka. A ɓoye sunana, kuma don Allah masu zagi su ɗan saurara, na girmi ubanninku. Idan kun ga rubutu ya karkace ku yi haƙuri, a aji huɗu na yi sallama da makaranta, kuma ita ma ba ta yi kewata ba.

Ni tsoho ne a Nuzla, nan Jidda. Shekara arba'in ina dakon kujeru da katifu a akori-kurata, ko akuya ba ta taɓa tsaya min a titi ba. Ina da aboki tun yarinta, mu ce sunansa Bala. Tare muka koyi tuƙi, kuma na rantse na fi shi, har gobe sai ya yi addu'a kafin ya yi baya da mota. Sai ga shi Allah ya ba shi tuƙin bas ɗin makarantar da jikata Hanan take zuwa. Kun san bas ɗin nan mai jan allo a gefe, wanda idan ya miƙe doka ta ce kowa ya tsaya har yara su sauka, wanda ya wuce kuma tara ta hau kansa. To Bala ne fa yake danna abin nan. Bala! Manyan motoci masu baƙin gilashi su yi layi kamar sahun salla, ni ma da nake dawowa cin abinci bayan azahar ina cikinsu, ina zufa, ina jiran Bala ya ba ni izini.

Duk wannan na haɗiye. Abin da ya kashe ni, Hanan, shekararta bakwai, ni take kira Sidi, wato kaka, Bala kuma Ammu, wato baffa. Rannan muna cin abinci ta ce, "Halas, shi ke nan, na canza Sidi. Ammu Bala ne Sidina yanzu." Na ce, "Ke, laifin me na yi?" Ta ce, "Shi yana tsayar da motoci duka. Kai kuma motarka ce take tsayawa, sai an tura." Hajiya, matar da na aura da gumina, ta yi dariya har ta ƙware da shinkafa, ta ce, "Gaskiya yarinya ta faɗa, Alhaji, ka karɓi sallamarka." Na yi dariya ni ma, amma na tsame hannuna daga abincin. Wa ya yi mata kiran salla a kunne? Wa yake ɓoye mata alewa a aljihun riga?

Hanan ita ce ta ƙarshen sauka, bas ɗin babu kowa a lokacin. Gidanmu yana tsallaken titi, jikin mai gasa tamis, burodin nan mai faɗi. Don haka Bala yakan miƙa allon, ya sauko da kansa, ya zagayo ya kama hannunta ya tsallakar da ita har ƙofa. Wata Talata ina bayansa a layi, Shaiɗan ya zauna a kujerar gefena. Na ɗauki bidiyo. Da na zo turawa sai na yanke shi, na bar inda Bala ya sauko ya nufi wajen mai tamis, motoci suna ta hon, na cire inda yarinyar ta fito. Kun san wa ya koya min yanke bidiyo? Hanan. Na tura wa shugabar makarantar da wani tsohon layin waya, na rubuta cewa direbanku yana tare titi, yana barin yara a mota ya je sayen burodi. Niyyata a ɗan ja masa kunne, a rage masa tafiyar nan ta janar.

An dakatar da shi. Ni kuma na manta, ko na yi kamar na manta, cewa makarantar ce kafilinsa da ta tsaya masa, iƙamarsa, wato takardar zama a ƙasa, a hannunsu take. Idan suka sallame shi sai fita daga ƙasa, mutumin da aka haifa a Nuzla, bai taɓa ganin Kano ba sai a waya.

Shekaranjiya ya zo min bayan la'asar, ya rame, ya zauna a bayan motata. Na ce, "Ya shaiba mai furfura, ina allon naka, ko ka bar shi a gida yana hutawa?" Bai rama ba, shi da ba ya barin bashin tsiya ya kwana. Ya ce, "Na ce musu yarinya nake tsallakarwa, sun ce maganar yaro da ta aboki ba hujja ba ce, Lahadi za su yanke. Da wanda ya ɗauki abin nan zai ji tsoron Allah ya turo ragowar, da shi ke nan." Sannan ya dafa ni ya ce, "Ka riƙa tarar Hanan, sabon direban ba ya sauka."

Gaskiya ne. Jiya allon a miƙe, wani ya ƙi tsayawa, madubinsa ya fizgi jakarta. Yau na fita da kaina na tsaya tsakiyar titi na ɗaga hannu kamar ɗan sanda. Ko mai keke bai kula ni ba. Hanan ta riƙe rigata, ta ce, "Sidi, yaushe Ammu Bala zai dawo?" Na samu sunana, amma ban ji daɗinsa ba.

Cikakken bidiyon yana wayata. Zai wanke Bala tas. Matsalar, a cikinsa ana jin muryata raɗau ina cewa, "Dubi tsohon banza, wai shi sarkin titi," kuma a ƙarshe Hanan ta hango motata ta ɗaga hannu ta ce, "Sidi!" Na so na kashe sautin, to carbina da Bala ya kawo min tsaraba yana lilo a gaban gilashi tun daga farko har ƙarshe. A guntun da na tura ma yana nan. Tun jiya nake tambayar kaina ko bai gani ba ne, ko gani ya yi, shi ya sa ya zo ya zauna a bayan motata.

Jama'a, yau Alhamis. In na tura, Hajiya za ta sani, Nuzla za ta sani, Hanan za ta sani, kuma wannan karon ba da wasa za ta canza Sidi ba. In na yi shiru, ni zan kai akwatunan Bala filin jirgi, don ba shi da wani aboki mai akori-kura sai ni.

Me zan yi?