Rijiyar Baba da Dillalin Yaya

Tunga, Minna,
14 ga Maris, 1988.

Zuwa ga Yayana Alhassan,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali, a can Fatakwal. Allah ya ƙara rufa asiri. Mu ma lafiya muke, maigida ya warke daga zazzaɓin, kuma canjin wurin aikinsa zuwa Kontagora ya tabbata.

Yaya, ranar Asabar da abokinka Mudi dillali ya zo duba gidan Baba, ranar ce na daina yin shiru. Tun da aka raba gado ka ɗauki gonar Wushishi gida ya faɗo mini, ban taɓa musa maka a komai ba. Da ka rubuto cewa Mudi ne zai sayar, na ce to. Ya zo a kan babur, ko sallama bai ƙarasa ba ya hau auna tsakar gida da taku. Ya taka murfin rijiya da takalmi, ya ce yana da mai saye a hannu, wanda zai cike rijiyar, ya toshe lungun baya, ya jera shaguna. Sannan ya rage murya ya ce kada maƙwabta su ji sai an sa hannu, don su ke ɓata ciniki.

Yana fita sai ga Mama Rifkatu, matar maƙwabcinmu Baba Shekwolo, ta shigo ta lungun nan da bokitinta kamar kullum. Ta ɗebi ruwa, ta ajiye mini doya biyu, tana tsokanata wai amaryar littafi yau ba ta karatu ne. Na kasa kallon idonta. Kai ka fi ni sanin cewa mahaifin Shekwolo ne ya yanka wa Baba filin nan lokacin da ya zo aikin reluwe da akwati ɗaya. Gidaje shida ke shan rijiyar nan.

Na sami wani dillali, dattijo Banufe, ana ce masa Ndakotsu. A keke yake yawo. Kafin ya dubi ɗaki ko ɗaya, sai da ya tambaye ni katangar wa ke jingine da tamu, kuma ko an yi masa tayi. Ya ce shi bai taɓa kai gida kasuwa ba sai maƙwabci ya ce ba ya so da bakinsa. Tare muka shiga wurin Shekwolo. Tsohon ya roƙi mako uku ya aika wa ɗansa Philip a Kaduna. Idan ba su iya saye ba, Ndakotsu ya ce duk mai saye sai ya yarda a gaban mai unguwa, a rubuce, cewa lungu da rijiya suna nan.

Mudi ya kawo mini saƙonka. Wai ka ce littattafan soyayya sun cika mini kai, ina zaton duniya labari ce, kuma in na ƙi shi ka cire hannunka daga al'amarina. Gaskiya ne ina karatu, a gindin mangwaron nan na karance su, har nakan zauna ina ƙirƙiro mutanen da za su zauna a gidan bayan mun tashi, da sunayen 'ya'yansu. Amma ba a littafi na ga Baba ya tsallaka ya sanar da Shekwolo kafin ya ɗaga katanga ba. A gabanmu aka yi, kai ne ma ka riƙe masa tsani. Na san cinikin zai yi jinkiri, na san mai yiwuwa ya gaza na Mudi. Maigida ya ce gidana ne. Fushinka ne kawai ke damuna, ba ni da wani wa sai kai, amma zan iya jiran ka huce.

Ka gaishe mini da Yaya Talatu da ƙaramar Azumi, ka ce ina nan ina saƙa mata hula. Mama Rifkatu ma tana gaishe ka, ta ce har yanzu kai ne ɓarawon gwandarta.

Na ba Ndakotsu takardar gidan jiya da safe. Mudi kuwa na sallame shi.

Ƙanwarka,
Barira.