Zan Wuce Ki, Sannan In Dawo

Zuwa ga Kafayatu, sanyin idona, ruwan randata a zafin Minna, inuwar mangwaron da nake fakewa a ƙarƙashinta,

Assalamu alaikum. Ki karɓi gaisuwar mutumin da teburinsa ke kallon naki a ofis, amma ya koma rubuta wasiƙa kamar kina wata ƙasa. Tun ranar Asabar kika ɗauke mini wuta. In na ce ina kwana, sai ki amsa wa kwamfutarki. Har mai kawo mana masa da safe tana samun murmushinki, ni kuwa Ndayako ko harara ban samu ba! Wane irin hukunci ne wannan, ya ke mai taushin zuciya?

Kin tuna ranar da kika miƙe a taron ma'aikata kika ce mu shiga gasar gudun fanfalaki, mu tara wa yara masu ciwon sikila na Paiko taimako? Dariya aka fara yi. Mu da ko kasuwar Tunga ba ma zuwa sai a Keke Napep, mu ne za mu yi gudu? Sai kika ba mu labarin ƙanenki Nma, yadda ciwon yake murɗe shi, da yadda ya rasu magani bai zo a kan lokaci ba. Muryarki ta yi rawa amma ba ki zauna ba. Shugabanmu Oga Kudu, da tumbinsa da komai, shi ya fara ɗaga hannu. Ni na bi bayansa. Allah ya san niyyata ta rabu biyu a ranar, rabi don yaran, rabi don mai maganar.

Wayyo, safiyoyin nan na hanyar Bida! Mu idar da sallar asuba mu fito, raɓa na kan ciyawa, matan ƙauye na shigowa gari da doya a kafaɗa suna kallonmu kamar mun zautu, motocin ɗaliban jami'ar da ke Gidan Kwano na danna mana hon. A cikin duk wannan abu ɗaya idona ke nema, shuɗin hijabinki yana kaɗawa a iska. Ke ce ta ƙarshe kullum, kuma ban taɓa jin kin yi ƙorafi ba. Ranar da ruwa ya tare mu muka fake a rumfar mai gasa masara, kika karya taki biyu kika miƙo mini ɓangaren da ya fi girma. Kafayatu, na ci abinci iri-iri a duniya, ban ci abin da ya kai rabin masarar nan ba.

Kin san dokar Oga Kudu: ba a buɗe kular kunun aya sai kowa ya iso, kuma duk wanda ya gama sai ya juya ya tarbo na ƙarshe. Abokan aiki na ta gunaguni a kan dokar nan. Ni kaɗai nake sa masa albarka a zuciya, don ita ce ta ba ni izinin komowa gare ki kowace safiya ba tare da kowa ya yi mana tsegumi ba.

Sai Alhaji Zikrullahi mai siminti ya yi alkawarin cewa in ɗayanmu ya shiga cikin goman farko, shi zai ɗauki nauyin maganin yaran na shekara guda. Duk idanu suka dawo kan dogayen ƙafafuna. Ranar Asabar da muka yi gwajin ƙarshe ina gaba, ina tafiya kamar iska na tura ni. Kusa da ƙofar jami'a na waiwaya. Babu shuɗin hijabi. Ƙafafuna suka ƙi, na rage gudu, na yi ta jan jiki har kika cim mini. Na zaci godiya za ki yi. Sai na ga hawaye! Kika ce maganin yara na zubar a kan titi, kika ce in da gaske ina son ki, in yi gudu kamar ban san ki ba.

Maganar nan ta fi ciwon gwiwa zafi. Ta yaya mutum zai yi kamar bai san numfashinsa ba? Na yi fushi, ban ɓoye miki ba. Amma da na nutsu sai na gane ba ni kike tsawata wa ba, wata yayar kike tunawa, wadda ƙanenta ke kwance a Paiko yanzu tana jiran abin da ke ba ki samu ba. Son da nake miki ya ƙaru, tsorona ma ya ƙaru. Kin ce in bari a gama gasa kafin baffannina su je Bida wurin Babanki. Yanzu ban sani ba ko har yau maganar tana nan.

To ga alkawarina, farin watana. Ranar gasa zan wuce ki ko kallo babu. Ko wuyana zai karye don son waiwaye, ba zan waiwaya ba. Zan zuba duk abin da Allah ya ba ƙafafun nan, don Nma da yaran da ba su san sunana ba. In na shiga goman, alhamdu lillahi. In ban shiga ba, ba za a ce na rage komai ba.

Amma ki ji sauran. Ina taka layin ƙarshe ba zan zauna ba, ba zan karɓi ruwan kowa ba. Dokar Oga Kudu ba ta mutu ba. Zan juya in bi titin nan da ƙafafun da suka rage mini, har in hango shuɗin hijabi. Ki harare ni in kin so, ki yi mini faɗa, amma tare za mu ƙarasa. A nan nake roƙon ki faɗa mini ko baffannina su ɗinka sababbin riguna.

Naki, ko ina gabanki ko ina gefenki, har ranar da numfashi zai ƙare,

Ndayako